Vikings, The Last Kingdom ko Valhalla: Wanne Za Ka Fara Kallo?

Finafinai masu dogon zango guda uku ne suka fi yawo a hannun masu kallo idan ana maganar mayaƙan arewacin Turai da ake kira Vikings. Akwai Vikings na tashar History, wanda Michael Hirst ya rubuta, aka fara haska shi a watan Maris na 2013. Akwai The Last Kingdom, wanda BBC ta fara a 2015, daga baya Netflix ta karɓe shi. Sai Vikings: Valhalla na Netflix, wanda ya fito a 2022. Wanda ya tsaya a hotunan talla zai ce duk kanwar ja ce: gemu, gatari, jirgin ruwa mai kan dodo, da jini. Amma kowannensu da inda ya sa gaba, kuma inda suka fi rabuwa shi ne yadda suka ɗauki karon da aka yi tsakanin Kiristanci da bautar allolin Vikings, Odin da Thor. A nan ya kamata mai zaɓi ya fi zuba ido.

Auna su ba zai yiwu ba sai an faɗi wasu abubuwan da suka faru a ciki, har da mutuwar manyan jarumai. Wanda ba ya son a riga shi ya sani tun yanzu.

Awa nawa, data nawa

Vikings ne mafi tsawo: zango 6, kashi 89. Zangon farko kashi 9 ne, na biyu da na uku goma-goma, sauran ukun ashirin-ashirin. Kowane kashi kusan minti 45, jimilla wajen awa 67. The Last Kingdom zango 5 ne, kashi 46, biyun farko takwas-takwas, sauran goma-goma, kowane kashi daga minti 50 zuwa awa guda. Idan aka haɗa da fim ɗin rufewa, Seven Kings Must Die na 2023, wanda bai cika awa biyu ba, za a tashi da wajen awa 44. Valhalla zango 3 ne, kashi 24, wajen awa 20.

A ma'aunin Netflix, ƙaramin matakin hoto yana cin har 0.3GB a awa, matsakaici 0.7GB, HD kuwa har 3GB. A matsakaici ke nan Vikings zai ci wajen 47GB, The Last Kingdom 31GB, Valhalla 14GB. A ƙaramin mataki lissafin ya sauko zuwa 20, 13 da 6. Sai dai a kula: dukkansu suna da faɗan dare da zaman ɗaki da hasken kyandir kawai, kuma ƙaramin mataki yakan dunƙule duhu ya zama baƙi mai ɗigo-ɗigo, har a kasa gane wa ya sari wa. Dabarar ita ce a kalli kashin hira a ƙaramin mataki, a ɗaga zuwa matsakaici a kashin yaƙi.

Vikings: imani a cikin ƙirjin mutum

Labarin ya fara da Ragnar Lothbrok, manomi kuma mahari, wanda ya saɓa wa sarkinsa ya sa abokinsa Floki ya sassaƙa masa jirgi domin ya nufi yamma. A kashi na biyu suka dira a gidan zuhudu na Lindisfarne a gaɓar arewacin Ingila, harin da tarihi ya rubuta ranar 8 ga Yuni, 793. Daga cikin bayin da suka kwaso akwai wani ɗan zuhudu mai suna Athelstan, kuma a kan wannan bawa aka gina duk abin da ya sa fim ɗin ya yi fice.

Athelstan ƙirƙirarre ne, ba ya cikin tarihi. Amma duba hanyar da aka bi da shi. Ya zauna gidan Ragnar, ya koyi harshensu, ya bar gashin kansa ya tsiro. A kashi na 8 aka kai shi Uppsala, wurin babbar hadayar da ake yi duk bayan shekara tara, bai san shi aka zo yankawa ba, sai da mai tsafin ya kama shi da ƙaramin gicciye a ɓoye ya ce hadayarsa ba za ta karɓu ba. A zango na biyu ya zama mahari da gatari a hannu, Kiristocin Wessex, masarautar kudancin Ingila, suka kama shi suka gicciye shi saboda ridda, Sarki Ecbert ya sauko da shi da rai. A zango na uku ya koma ga imaninsa na farko, ya jefa warwaron mubaya'arsa cikin ruwa, Floki ya kashe shi. Mutane uku ke jan wannan bawa: Ragnar mai son sani, Ecbert mai son amfani da ilimi, da Floki wanda ya yi imani da gaske cewa allolinsa suna fushi. Fim ɗin bai mai da Floki mahaukaci ba, bai mai da Athelstan waliyyi ba. Kowa ana nuna shi da tsoronsa. Wurin da Ragnar ya ɗauki gawar Athelstan shi kaɗai ya hau dutse ya binne ta, yana kukan cewa ba za su haɗu a lahira ɗaya ba, babu kamarsa a cikin finafinan nan uku.

Wannan zaren ya kai ƙarshensa a zango na huɗu, kashi na 14, inda Ragnar da Ecbert suka kwana suna hira a kan ko akwai alloli ko babu, sannan kashi na 15 inda Sarki Aella na Northumbria ya jefa Ragnar cikin ramin macizai. Daga nan 'ya'yansa suka taho da babbar runduna ɗaukar fansa, zangon ya rufe a kashi na 49 na jimillar fim ɗin.

Ga inda matsala take. Bayan mutuwar Ragnar an rasa ginshiƙi. Zango na 5 da na 6, kashi 40 cur, sun watse gida huɗu: Ivar ɗan Ragnar da 'yan'uwansa suna yaƙin basasa a kan garin Kattegat, Floki yana Iceland da 'yan tsirarun mabiya, Bjorn, babban ɗan Ragnar, yana Bahar Rum, ga kuma Wessex. Mai rubutu ɗaya ne ya rubuta kashi 89 ɗin duka, kuma da aka ninka zango daga kashi 10 zuwa 20 gajiya ta bayyana: a ƙulla amana, a ci amana, a sake ƙullawa, garin nan ɗaya ana ta ƙwace shi ana mayarwa. Rikicin addinin ma ya zama na baki. Bishop Heahmund, wanda a tarihi ya mutu a fagen daga a 871, an shigo da shi da ƙarfi amma aka ƙare da shi a soyayya.

Ta fuskar tarihi kuwa Vikings ya fi sauran sakin hannu. Mutumin da ya kai harin 793 shi ne ya kewaye Faris, alhali harin Faris na farko da ake dangantawa da wani shugaba mai kama da wannan suna a 845 aka yi, lokacin da Sarki Charles ya biya fam 7,000 na azurfa aka janye. Fim ɗin ya gauraya wannan da kewayewar 885 zuwa 886 wadda Odo, hakimin Faris, ya kare birnin. Rollo da aka ce ɗan'uwan Ragnar ne bai samu ƙasar Normandy ba sai a 911, shekara 118 bayan Lindisfarne. Kattegat ba gari ba ne, mashigin teku ne tsakanin Denmark da Suwidin. Sarki Alfred ɗan Aethelwulf ne na halak, ba ɗan wani ɗan zuhudu ba. Gicciye mai ridda ba hukuncin cocin Ingila ba ne. A zango na 6 an nuna Oleg na Kiev yana jagorantar rundunar Kiristoci, alhali mutanen Rus ba su karɓi Kiristanci a hukumance ba sai a 988. Wanda zai kalli Vikings ya ɗauke shi a matsayin tatsuniyar jarumai da aka yi wa ado da sunayen gaskiya.

The Last Kingdom: addini a hannun sarauta

Wannan daga littattafai 13 na Bernard Cornwell aka ɗauko shi, kuma ana ganin amfanin hakan: labarin yana da ƙashin baya tun daga farko har ƙarshe. Ya fara a 866, shekarar da babbar rundunar Danawa ta ci York. Uhtred yaro ne ɗan sarautar Bebbanburg, wato Bamburgh ta yau, Basakson, wato ɗan Ingila na wancan zamani, kuma Kirista. An kashe ubansa, Danawa suka ɗauke shi suka rene shi a kan addininsu, baffansa ya haye kujerarsa. Burinsa ɗaya ne: ya ƙwato gidan ubansa. Amma hanya ta bi da shi ta fadar Alfred na Wessex, masarautar Sakson ɗaya tilo da ta rage a tsaye.

A nan ba a tambayar wane allah ne na gaskiya. Uhtred yana rataye da gudumar Thor a wuya, yana yawan ambaton ƙaddara, kuma bai taɓa shakka ba. Alfred ma bai taɓa shakka ba. Abin da ake bi shi ne: yaya sarki mai tsananin ibada, wanda yake son haɗa Ingila ɗaya ƙarƙashin coci ɗaya, zai yi da bawan da shi ke ci masa yaƙi amma ya ƙi durƙusa wa Allahnsa? Alfred yana ɗaure shi da rantsuwa. Ya aura masa mace wadda gonarta ke ɗauke da bashin coci ba tare da an gaya masa ba. Ya sa shi rarrafe a kan titi gaban jama'a don neman gafara. Duk lokacin da Uhtred ya kusa kuɓuta sai a sake samun dalilin wata rantsuwar. Mai kallo da ya san nauyin mubaya'a da yadda fada ke amfani da bara sannan ta yar da shi ba ya buƙatar a yi masa bayani.

David Dawson, wanda ya fito a Alfred, shi ne babban dalilin kallon wannan fim. Siriri ne, mai ciwon ciki, ba ya ɗaga murya, ɗakinsa cike da takardu da magatakarda. Wannan ya dace da abin da Asser, malamin da ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya faɗa game da rashin lafiyarsa da son karatunsa. A zango na uku, kashi na 9, Alfred yana dab da mutuwa ya nuna wa Uhtred littafin tarihin masarauta ya gaya masa cewa sunansa ba zai shiga ciki ba, ko da yake a kafaɗarsa aka tsaya. Zama ne na mutum biyu a ɗaki, babu takobi, amma ya fi yaƙe-yaƙe da yawa nauyi.

An kuma raba malaman coci gida-gida yadda ya kamata. Akwai Fada Beocca, wanda ya yi wa Uhtred baftisma yana yaro, bai daina yi masa addu'a ba, ya kuma auri Badaniya mai suna Thyra. Akwai Pyrlig, limami kuma tsohon mayaƙi. Akwai Hild, 'yar zuhudu da ta ɗauki takobi sannan ta ajiye. Akwai kuma masu kwaɗayin azurfa da masu yawo da gawar waliyyi don naɗa sarki. A ɗaya ɓangaren Brida, abokiyar ƙuruciyar Uhtred, ita ce ta zama mai tsattsauran ra'ayi a bautar alloli. Ɗan Uhtred na cikinsa ya zama limamin coci. Rikicin ya shiga har cikin gida.

Jerin abubuwan da suka faru ya bi tarihi fiye da na sauran biyun. Kisan Sarki Edmund na East Anglia a 869, gudun Alfred zuwa fadamar Athelney a farkon 878, nasarar Edington a watan Mayu na shekarar, baftismar Guthrum shugaban Danawa da manyan mutanensa kusan 30 inda Alfred ya tsaya masa a matsayin uba, gina garuruwa masu ganuwa, mutuwar Alfred a 899, yaƙin Tettenhall a 910, mulkin 'yarsa Aethelflaed a Mercia har rasuwarta a 918, da Brunanburh a 937: duk suna nan a jere. Abin da aka ƙara shi ne Uhtred kansa. Akwai mai wannan suna a Bamburgh, amma wajen 1016 ya mutu. An ɗauki nasarorin wasu an ba shi, misali kashe Ubba, jagoran Danawa, a Cynuit.

Laifuffukansa ba ɓoyayyu ba ne. Zangon farko kuɗi kaɗan aka kashe, ana ganin haka a yawan mutanen da ke fagen daga. Daga 866 zuwa 937 shekara 71 ne, ya kamata a ce Uhtred ya kusa tamanin a fim ɗin ƙarshe, amma ko furfurar kirki babu, har yakan yi kamar sa'an 'ya'yansa. Labarin yana da zagaye ɗaya da yake maimaitawa: ya ceci Wessex, a kore shi, a sake nemansa. Zaren mayya Skade a zango na uku ya ja da yawa. Fim ɗin rufewa kuma ya cusa abin da ya isa zango guda cikin ƙasa da awa biyu, ya zubar da wasu manyan mata na labarin ba bayani. Duk da haka ingancinsa bai faɗi ba daga farko zuwa ƙarshe, zango na 5 ya rufe labarin Bebbanburg da kyau ko da ba a kalli fim ɗin ba.

Valhalla: ɗan'uwa da ɗan'uwa

Jeb Stuart ne ya tsara shi, ya tsallaka shekara ɗari gaba daga ƙarshen labarin Vikings. Ya buɗe da kisan gillar ranar 13 ga Nuwamba, 1002, lokacin da Sarki Aethelred ya ba da umarnin kashe Danawan da ke Ingila. Abin ya faru da gaske: akwai takardar sarkin ta 1004 da ta ambaci ƙona cocin da Danawa suka fake a Oxford. Jaruman su ne Leif Erikson, 'yar'uwarsa Freydis, da Harald Sigurdsson.

Tunanin da aka gina shi a kai shi ne mafi ƙarfi a cikin ukun, domin a wannan zamani rabin Vikings sun riga sun zama Kiristoci. Sarki Harald Bluetooth, wanda sunansa ke cikin wayar kowa a yau, ya rubuta a dutsen Jelling wajen 965 cewa ya mai da Danawa Kiristoci. Mutanen Iceland sun yanke shawarar karɓar addinin a majalisarsu wajen shekara ta 1000, da sharaɗin mai son yin hadaya ya yi a ɓoye. Saboda haka a kashin farko rundunar Canute, sarkin Danawa, ta taru, Kiristocin ciki suka ce ba za su yi sahu ɗaya da masu bautar gumaka ba, alhali harshensu ɗaya, kakanninsu ɗaya. Wannan buɗewa ce mai kyau ƙwarai.

Sai dai ba a riƙe ta ba. Freydis an yanka mata gicciye a baya, Jarl Kare yana ƙone ƙauyuka da sunan Almasihu, Olaf, yayan Harald Sigurdsson, mayaudari ne. Kusan duk mai wa'azin Kiristanci azzalumi ne, masu tsohon addini kuwa masu haƙuri da karɓar baƙo. Babu wani Athelstan ko Beocca da zai tsaya a tsakiya ya sa mai kallo tunani. Zango na biyu ya zama tafiyar kasada a kogin Dnieper zuwa Ƙustantiniyya, na uku ya tsallake shekara bakwai ya ƙare kafin abubuwa biyu da kowa ke jira: isar Leif gaɓar Amurka, da mutuwar Harald Sigurdsson a Stamford Bridge a 1066. Harald ɗin ma wajen 1015 aka haife shi, bai ga 1002 ba. Olaf a yaƙin Stiklestad ya mutu a 1030, ba a hannun Freydis ba. Abin da ya fi kyau a ciki siyasar fadar Landan ce tsakanin Sarauniya Emma, Godwin da Canute.

Fagen daga

Yadda aka yi yaƙi a lokacin sananne ne. Garkuwa zagayayya ce ta siraran alluna, faɗinta daga santimita 80 zuwa 90 da 'yan kai, da ƙoƙon ƙarfe a tsakiya mai kare hannu. Mashi shi ne makamin kowa, takobi da sulke na masu hali ne. Mayaƙa sukan jeru kafaɗa da kafaɗa, garkuwa na hawa kan garkuwa, ana turawa ana suka ta sama da ta ƙasa. Kisa mai yawa ba ya faruwa sai sahu ya karye mutane sun juya baya. Kwalkwali mai ƙaho babu shi, kuma duka ukun sun kiyaye wannan.

The Last Kingdom ne ya fi nuna bangon garkuwa a matsayin abin tsoro: matsi, laka, numfashin abokin gaba a fuskarka, da yadda ake jan maƙiyi zuwa wurin da ƙasa za ta taimake ka. Kafin kowane yaƙi ana faɗin mutum nawa ake da su, wa zai zo, wa zai makara, saboda haka mai kallo ya san abin da za a rasa. Kurakuransa: a zangon farko an ba Saksonawa garkuwa mai kusurwa huɗu don a bambanta su, alhali duk zagayayya suke riƙewa, an nuna kamar Uhtred ne ya koya musu jera garkuwa, abin da suka daɗe da sani, kuma takobi a gadon baya ba ya zaruwa da sauri.

Vikings ya fi girma da ƙawa. Harin ganuwar Faris a zango na uku, kashi na 8, da hasumiyoyin katako a kan jirage, da man wuta da kibau, da ganin an ci Ragnar da yaƙi, shi ne yaƙi mafi kyau a cikin ukun. Amma yawanci ana kafa bangon garkuwa na minti ɗaya sai kowa ya watse ya kama nasa, manyan jarumai ba kwalkwali, sanye da fata maimakon sulke. Valhalla yana da yaƙi ɗaya da za a tuna, rushe gadar Landan a kashi na 4, inda aka bi lissafin cikar ruwa da janyewarsa, aka ɗaure turakun gadar da igiyoyi jirage suka ja. Labarin daga tsoffin rubuce-rubucen Norway yake, sai dai a can Olaf ne ya yi, kuma yana taimakon sarkin Ingila ne.

Inda Musulmi suka shigo

Wannan ba ƙari ba ne na masu fim. A 844 Vikings sun shiga Ishbiliya ta Andalus, rundunar Abdurrahman na Biyu ta fatattake su. A 859 sun ƙone masallacin Algeciras. Marubutan Larabci suna kiransu Majusu, kalmar da masana da yawa ke cewa daga gare ta aka samo Maguzawa. Ahmad ibn Fadlan, manzon Halifa al-Muqtadir na Bagadaza, ya haɗu da 'yan kasuwar Rus a kogin Volga a 922, ya rubuta yadda suke wanke fuska a ƙwarya ɗaya da yadda suka ƙona shugabansu a jirgi tare da kuyangarsa. Duka biyun an saka su a zangon farko na Vikings, jana'izar tana kashi na 6.

A zango na huɗu, kashi na 16, an nuna harin Algeciras, inda Floki ya shiga masallaci ya tarar ana salla, ya tsaya yana mamakin mutanen da ke bauta ba gunki a gabansu, ya hana a ci gaba da kashe su. An tausasa abin da ya faru a tarihi, amma an yi wurin da mutunci. Tafiyar Bjorn zuwa Sisili da arewacin Afirka a zango na 5 kuwa cike take da tsohon hoton da Turawa ke yi wa Larabawa, ba ta da daɗin kallo. Valhalla ya kawo Maryam, masaniyar taurari daga Halab mai koya wa Leif lissafi, sannan ya nuna cin birnin Syracuse daga hannun Musulmi da kisan da janar Maniakes na Rumawa ya yi wa mutanen garin. The Last Kingdom kusan duk labarinsa a tsibirin Birtaniya yake, babu wannan fanni a cikinsa.

Abin da ba a kallo da yara

Babu ɗaya a cikin ukun da ya dace da falo. Duka na manya ne: akwai tsiraici, kwanciya, fyaɗe da azabtarwa. Vikings iri biyu ne, wanda tashar History ta haska da aka yanke tsiraicin, da cikakken da ya fito a faifai da wasu ƙasashe, saboda haka a duba wanne aka samu. Shi ne kuma ya fi yawan hadayar mutane, ga hukuncin tsaga bayan mutum da rai a zango na biyu kashi na 7 da na huɗu kashi na 18. The Last Kingdom ya fi yawan irin waɗannan wurare a zango biyun farko, suna raguwa daga baya, amma kashin bautar Uhtred a jirgi da ƙonewar Thyra suna da ɗaci.

To wanne?

Ga mai son fim ɗaya da zai bi daga farko har ƙarshe ba tare da nadama ba, kuma ya tashi da sanin yadda aka haɗa Ingila, The Last Kingdom ne. Shi muke ba mafi yawan mutane shawara su fara da shi, da sharaɗin a yi haƙuri da kashi biyun farko, waɗanda ke gudu da sauri, har a isa fadar Alfred. Ga wanda abin da ya dame shi shi ne yadda imani ke shiga zuciya ya fita, da yadda Vikings ke ganin duniyarsu daga ciki, ya kalli Vikings ya tsaya a ƙarshen zango na huɗu: kashi 49, wajen awa 37. Abin da ke cikin waɗannan ya fi komai na The Last Kingdom inganci, abin da ya biyo baya ya fi komai nasa rauni. Valhalla na wanda lokacinsa ko datarsa ba su da yawa ne, ko wanda ya gama biyun yana son ƙari. Ba a buƙatar kallon Vikings kafin shi, kuma zangonsa na farko, kashi 8, ya isa shi kaɗai.

Wanda zai kalli duka ya bi tsarin zamani: Vikings zuwa zango na huɗu, sai The Last Kingdom, wanda ya fara daidai inda babbar runduna ta sauka Ingila, sai Valhalla. Kada a haɗa biyun farko a lokaci guda, domin sunaye za su rikita mutum. Ragnar na The Last Kingdom, uban riƙon Uhtred, ba shi ne Ragnar Lothbrok ba. Ubba na The Last Kingdom shi ne Ubbe na Vikings, amma halinsu da ƙarshensu sun sha bamban. Athelstan uku ne: ɗan zuhudun Vikings, sunan da Guthrum ya karɓa bayan baftisma, da jikan Alfred wanda ya ci Brunanburh. Aethelred ma uku ne: yayan Alfred, mijin Aethelflaed, da sarkin da ya buɗe Valhalla. The Last Kingdom yana kiran garuruwa da tsoffin sunayensu, yana rubuta su a allo su rikiɗe zuwa na yau cikin daƙiƙa biyu: Eoferwic ita ce York, Wintanceaster Winchester, Dunholm Durham, Lundene Landan. A kunna rubutun ƙasan allo tun kashin farko, a kuma buɗe taswirar Ingila a gefe a gano Wessex a kudu, Mercia a tsakiya, East Anglia a gabas, Northumbria a arewa.